Kaka ta ƙarato: Yadda tsofaffi ke lissafin rayuwa a gidajen manoman Bici

Da zarar watan Satumba ya raba tsakiya, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina zai ga alamar damina ta fara haɗa kayanta. Gero ya ƙosa, dawa ta fitar da kai, wake ya yi yaɗo a ƙarƙashinsu. Hadari kan haɗu da yamma, ya yi ta cida, sannan ya watse ba tare da ya zubar da komai ba. Yara kuma sun fara gasa tumu a bakin murhu.

A ƙauyukan Ƙaramar Hukumar Bici, wannan ne lokacin da dattawa suka fi yawan zuwa gona, duk da cewa an gama firi da maimai tuni. Dubawa ce ke kai su. Dattijo zai dogara sandarsa ya zaga gonar, ya karyo zangarniya ɗaya, ya murje ta a tafin hannu, ya hure, ya jefa 'yan ƙwayoyi a baki. Kafin ya dawo gida ya riga ya ƙiyasta dami nawa za a ɗaure, da kuma watan da rumbu zai ƙare.

A rubuce, kalmar da Bahaushe ke kiran lokacin girbi da ita, ita ce dai yake kiran mahaifin uba ko mahaifiyar uwa da ita: kaka. A karkarar Bici kuwa abubuwan biyu a haɗe suke. Yawancin tsofaffin wannan yanki ba su taɓa karɓar albashi ba, balle su sa ran fansho. Abin da aka zuba a rumbu a 'yan makonnin nan, da yawan 'ya'yan da suka tsaya aka girbe shi tare, su ne za su nuna yadda tsoho da tsohuwa za su ci shekara.

Safiya a tsakar gida

A mafi yawan gidaje, tsofaffi ne ke riga kowa tashi. Barcinsu ya yi ƙaranci, tun kafin kiran assalatu ake jin tarin maigida da ƙarar buta. Bayan an dawo daga masallaci sai gaisuwa ta fara, kuma tana da tsarinta. 'Ya'ya maza su durƙusa a zaure ko a ƙofar turaka: "Baba, ina kwana? An tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?" Matan 'ya'ya su leƙa ɗakin uwar miji su gaishe ta da Inna ko Iya ko Hajiya, don suruka ba ta kama sunan surukarta.

Jikoki ne kaɗai ke da lasisin shiga ba sallama. Tsakanin jika da kaka akwai wasa. Tsohuwa takan kira jikanta namiji da "maigidana", ta ce ya kawo kuɗin cefane, mace kuma ta kira ta "kishiya". A ɗakin kaka ake ɓoye wa yaro ɗumame da guntun rake, can yake gudu idan ya yi laifi, can ake kai shi ranar da aka cire shi daga nono.

Gabanin kaka tsakar gida takan cika da shanya. An baza yankakkiyar kuɓewa a tabarma, ga ganyen kuka da aka ciro kafin itacen ya kaɗe, ga barkono da rama. Wannan aikin tsofaffin mata ne, su ne suka san abin da zai kai miya har wata daminar. Idan hadari ya taso a kwashe, idan ya watse a sake bazawa.

Shi kuwa maigida, idan ƙarfin sunkuyo ya ƙare masa, yana da nasa aikin na zaune. Yana tufka igiyar ɗaurin dami, yana duba jinkar rumbu, yana sa yara su share cikinsa su lilliƙe inda ɓera ya huda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ƙasa kaɗan, baki da yawa

Garin Bici yana kimanin kilomita 40 arewa maso yamma da birnin Kano. Ƙaramar hukumar tana da faɗin murabba'in kilomita 612, kuma ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum sama da 277,000. Ke nan tun a wancan lokaci akwai fiye da mutum 450 a kowane murabba'in kilomita ɗaya, kuma jama'a sun ƙaru ƙwarai daga lokacin zuwa yau.

Wanda ya ratsa ta Badume ko Saye ko Ɗanzabuwa zai ga abin da wannan lissafi ke nufi. Gona tana jikin gona, gida yana hango gida. Babu dajin da za a sara a yi sabuwar gona, babu saurar da za a bari ta huta. Itatuwan da ke tsaye a gonaki, irin su gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowanne da mai shi.

Wannan tsari ya daɗe yana jan hankalin masana. Tun a shekarun 1960 wani Baturen Ingila masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya yi nazarin karkarar da ke kewaye da Kano. Ya nuna yadda manoma ke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu amma ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da sharar gida da ake kai mata a mangala, da haɗa gero da dawa da wake da gyaɗa a kunya ɗaya, da kuma kiwon da ke cin harawa ya mayar da taki.

Sai dai irin wannan noma hannu yake ci. Kai taki, shuka, noma sau biyu ko uku, girbi, ɗauri, ɗauko dami, roron wake, cirar gyaɗa, duk aikin masu jini a jika ne. Ranar da gwiwa da baya suka ƙi, manomi yana buƙatar wanda zai karɓi fartanyar.

Gandu, fanshon talaka

Amsar da Bahaushe ya tanada tun kaka da kakanni ita ce gandu. Uba da 'ya'yansa maza, har da masu aure, suna noma gonar gida tare tun safe har wajen azahar. Uba ne ke riƙe da rumbu, shi ke fitar da awo, shi ke biyan haraji a zamanin da ake biya, shi ke yi wa ɗa auren fari. Shi kuma ɗa ana yanka masa gayauna, ya noma ta da yamma ko ranar Juma'a, abin da ya samu nasa ne.

Idan aka duba da kyau, yarjejeniya ce tsakanin ƙuruciya da tsufa. Uba ya ba da ƙasa da suna da sutura, ɗa ya ba da ƙarfi. Idan uba ya gaza, babban ɗa ya karɓi ragamar aiki, amma ba a buɗe rumbu sai da izinin tsoho.

Wata masaniya 'yar Ingila, Polly Hill, wadda ta zauna a Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina kuma ta fitar da littafinta kan rayuwar garin a 1972, ta lura da wani abu da har yau yake nan. Gandu ya fi ƙarfi a gidan mai wadatar gona. Talakan da gonarsa ba ta ciyar da gida, 'ya'yansa kan rabu da shi da wuri su tafi ƙwadago. Wato wanda ya fi buƙatar taimako a tsufansa shi ne ya fi saurin rasa shi.

Abin da ya sauya a yau shi ne gidajen da gonarsu ba ta isa sun yi yawa. Rabon gado kaɗai ya isa ya bayyana dalili. A ɗauka mutum ya rasu ya bar hekta 4, da mata biyu, da 'ya'ya maza biyar da mata huɗu. Matan za su raba tumuni, wato rabin hekta, kowacce ta sami rubu'i. Kowane ɗa namiji zai tashi da rabin hekta, kowace 'ya mace rubu'in hekta. Gonar da ta riƙe gida guda ta koma gutsattsari goma sha ɗaya, kuma kowane ɗa yana da nasa iyalin da za su sake raba rabin hektar nan gaba.

Saurayin da ya san abin da zai gada bai wuce rabin hekta ba, da wuya a tsare shi a gandu. Wasu sun tafi Kano suna tuƙa adaidaita sahu ko dako a kasuwar hatsi ta Dawanau, wadda ke kan hanya ɗaya da Bici. Wasu suna Abuja da Legas da Fatakwal suna acaɓa ko gadi ko sayar da kayan gwari. Wasu kuma sun koma noman rani a yankin madatsar ruwa ta Watari da ke maƙwabciyar ƙaramar hukuma, Bagwai.

Cin rani ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. A da, matashi kan tafi bayan an kai amfani gida, ya dawo da saukar ruwan fari. Yanzu da yawa ba sa dawowa shuka. Suna aiko da kuɗin taki da na 'yan ƙwadago ta waya, a je wurin mai POS a cira. Zumuncin da aka ce a ƙafa yake, rabinsa ya koma aljihu.

Kuɗin kan yi amfani, kuma gidaje da dama da su suke tsaye. Amma ba sa ɗaga tsoho su kai shi bayan gida da tsakar dare, ba sa lura cewa tsohuwa ta kwana biyu ba ta taɓa tuwonta ba. Wannan nauyi yakan faɗa kan matar ɗa da aka bari a gida da ƙananan yara, ko kan 'yar da ke aure kusa, ko kan ɗan da bai samu tafiya ba.

Lissafin dami

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da an yanke gero an ɗaure, kowane gida ya san matsayinsa.

Abu na farko da dattijo ke fitarwa shi ne zakka, idan amfanin ya kai nisabi: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, shi ya sa aka saba ware dami ɗaya cikin kowane goma. Wani kaso na wannan zakka yana komawa ne ga tsofaffin unguwa da ba su da mai noma musu, musamman matan da mazansu suka rasu.

Sai bashi. Wanda ya ci bashin taki ko na hatsi da damina, yanzu mai kuɗi zai zo. Sai bukukuwa, don da kaka aka fi ɗaura aure, kuma kayan ɗakin 'ya ko jika daga rumbu suke fita. Abin da ya saura shi ne abinci.

Lissafin ba shi da wuya. Gidan da ke cin kwano biyu na hatsi a rana zai cinye buhu mai kwano 40 cikin kwana 20, wato yana buƙatar buhu 18 da ɗoriya kafin shekara ta zagayo. Gidaje da yawa ba sa noma haka. Nasu kan ƙare da bazara ko farkon damina, a koma awo a kasuwa daidai lokacin da hatsi ya fi tsada.

Nan ne ake samun saɓani tsakanin tsoho da 'ya'yansa. Matashi yana ganin a sayar da wani abu a sayi babur ko a ƙara jari, kuɗi su juya. Tsoho ya san hatsi ya fi arha da kaka, ya kuma ga shekarun da mutum ke riƙe da kuɗi a hannu yana neman abin da zai auna. Shi a wurinsa rumbu a rufe ya fi kuɗi a banki. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da hauhawar farashin abinci da ta haura kashi 40 cikin 100 a tsakiyar 2024 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, matasa da dama sun gane dalilin wannan taurin kai. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Jarin tsohuwa

Tsufan mace daban yake da na namiji. Ta wani ɓangaren yakan zo mata da 'yanci. Matar da ta shafe shekaru a cikin gida, idan ta manyanta takan fita kasuwa da unguwa da gidan biki ba mai tambayarta. Ita ce ungozoma, ita ke tsaya wa mai jego a kan wanka da kunun kanwa, ita ake aika wa da bikon amaryar da ta yi yaji, ita ke wanke mace idan ta rasu.

Tana kuma da nata jarin. Daddawa, ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, garin kuka, busasshiyar kuɓewa, da 'yan awaki biyu ko uku da ke ɗaure a turke. Akuya ce asusunta: idan ciwo ya zo ko jika za ta yi aure, a kai ɗaya kasuwa. Shi ya sa idan ana rabon harawar wake da ta gyaɗa, tsohuwa ba ta wasa da nata kason.

Da kaka za ka ga tsofaffin mata a gonakin da aka girbe suna kala, suna tsince zangarniyar da ta faɗi da gyaɗar da ta maƙale a ƙasa. Al'ada ce da ba a hana su, kuma ga wasu abin da suka tara a nan shi ne hatsin da za su kira nasu.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, mace ce ta fi daɗewa cikin takaba da kaɗaici, saboda yawanci mijinta ya girme ta da shekaru masu yawa. Idan ya rasu aka raba gida, makomarta tana hannun 'ya'yan da ta haifa. Mai 'ya'ya maza a gari tana da ɗaki da kwanon tuwo. Wadda ta haifi mata kaɗai, ko ba ta haihu ba, ko nata suka rasu, takan koma gidan ɗan'uwa ko ɗan riƙo, inda zamanta ya dogara da haƙurin matar gida. Wasu daga cikin tsofaffin matan da ake gani suna bara a bakin masallatai da mahaɗar titunan Kano daga irin wannan hali suka fito.

Sana'o'in da suka riƙe iyayensu ma sun ja baya. Kaɗin auduga ya kusa ɓacewa. Injin niƙa da na surfe sun sauƙaƙa wa mata wahala, amma sun ɗauke ɗan abin da tsohuwa ke samu a aikatau. Sinadarin ɗanɗano na kanti yana gogayya da daddawa a kowace tukunya.

Abin da idonsu ya gani

Wanda aka haifa a tsakiyar shekarun 1950 a wannan yanki ya ga sauyin da ya isa a ba da labari. Yana yaro aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Yana saurayi aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973, shekarar da fari ya ƙone amfani a faɗin Arewa.

Ya tashi a zamanin da gyaɗa ce kuɗin manomi. Da kaka ake kai ta wurin 'yan baranda da masu awo, a biya haraji, a yi sutura, sauran a yi aure. Buhunanta ne ake tarawa a yi dala a Kano. A 1975 wata cuta da kwarin ɗarɓa ke yaɗawa ta lalata gyaɗa a Arewa, kuma daga nan cinikinta bai koma yadda yake ba.

Ya ga buɗe makarantun firamare na kyauta a 1976. Ya ga ranar da gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano a 1979, abin da ya sauya ma'anar kaka ga talaka, domin kafin nan lokacin girbi shi ne lokacin da dagaci da mai unguwa ke bi gida-gida. Ya kuma ga farin 1984.

Wannan tarihi ne ke sa tsofaffi ƙin sakin tsohon irin gero da dawa ko da an kawo sabo mai saurin nuna. Sukan shuka duka biyun. Idan ruwa ya ɗauke da wuri, ɗaya ya tsira, idan ya daɗe, ɗayan ya yi kyau. Da tsohuwar zuma ake magani.

Jiki da hunturu

Ƙarshen damina lokacin sauro ne da zazzaɓi, bayansa kuma hunturu ke tafe. Ga mai shekara 70, sanyi da ƙurar Disamba da Janairu jarrabawa ce: tari, sarƙewar numfashi, ciwon gwiwa da na baya, faso a ƙafa. Shi ya sa tanadin kara da itacen jin ɗumi da bargo yake cikin lissafin kaka. Garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa kuwa yana da nasa haɗarin, na gobara da na shaƙar hayaƙi.

Akwai kuma cututtukan da ba sa nuna kansu. Hawan jini kan daɗe a jiki ba a sani ba, sai ranar da mutum ya faɗi ɓarin jikinsa ya shanye. Gwajinsa ba ya ɗaukar minti biyar a ƙaramin asibiti, amma maganinsa na kullum ne, kuma da yawa kan daina sha da zarar sun ji sauƙi ko kuɗi sun yanke.

Ido ma haka. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kimanin mutum 4 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce kan gaba wajen jawo hakan. Yana kuwa ana cire ta da ɗan gajeren aiki, ana kuma yin sa a asibitocin ido na Kano. Tsoho da yawa na zaune a zaure an ce tsufa ne ya ci idonsa, alhali abin da ke tsakaninsa da gani kuɗin mota ne da na aiki da wanda zai raka shi.

Mafi wuyar sha'ani shi ne gigin tsufa. Tsohuwa ta manta sunan jikanta, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita da dare tana neman gidan iyayenta. Likitoci sun ce cuta ce ta ƙwaƙwalwa, amma a karkara akan danganta ta da iska ko sammu, wani lokaci ma a jefi mai ita da mugun zargi. Masu jinyar irin wannan, waɗanda kusan duk mata ne, suna yi ne ba horo, ba hutu, ba mai karɓar su.

Ina hukuma take?

Ranar 1 ga Oktoba, wadda 'yan Najeriya suka sani da bikin samun 'yancin kai, ita ce kuma Ranar Tsofaffi ta Duniya, kamar yadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ayyana a 1990. A Bici takan zo ana tsakiyar ɗaurin gero.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hasashen cewa a 2030 mutum ɗaya cikin shida a duniya zai kasance ɗan shekara 60 ko fiye, kuma a 2050 kashi 80 cikin 100 na tsofaffi za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. A Najeriya 'yan shekara 65 zuwa sama kusan kashi 3 cikin 100 ne kacal, abin da ke sa a manta da su a kasafi. Amma a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, wannan kaso miliyoyin mutane ne.

A takarda an yi motsi. An sa hannu kan dokar kafa Cibiyar Kula da Tsofaffi ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A 2019 an ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho don masu sana'ar hannu da 'yan kasuwa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusu na musamman ga masu rauni, ciki har da tsofaffi. Jihar Ekiti ma ta taɓa gwada biyan tsofaffi marasa galihu naira 5,000 a wata tun daga 2011.

Sai dai babu wani fansho na bai ɗaya da manomin da ya tsufa zai karɓa don kawai ya tsufa. Ƙaramin fansho na mai abin ajiyewa ne tun yana da ƙarfi. Tallafin da ke bi ta waya da asusun banki da lambar ɗan ƙasa kuma yakan tsallake wanda ba ya karatun boko, ba shi da waya, kuma fartanya ta cinye zanen yatsunsa.

Don haka har yanzu gida ne hukumar tsoho. Addini ya ɗora wa 'ya'ya wannan nauyi, kuma malamai kan jawo aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyayen da tsufa ya riska. Kai iyaye gidan gajiyayyu abin kunya ne da ba a ko furta shi. Abin tambaya shi ne yadda gidan da gonarsa ta ragu, 'ya'yansa suka watsu, zai ci gaba da ɗaukar kayan shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar jiran Abuja. 'Yan'uwa su raba kwanakin jinya da kuɗin magani tun kafin rikici ya taso. A riƙa gwada hawan jinin iyaye ko da lafiyarsu ƙalau. Kwamitin masallaci da masu unguwanni su san tsofaffin da ba su da kowa kafin a fara rabon zakka. Matasan unguwa su farfaɗo da gayya, su girbe wa wanda ba shi da mai girbe masa.

Iri na baɗi

Nan da 'yan makonni za a kwantar da karan gero, a yanke, a ɗaure, amalanke da kura su yi ta jigila zuwa gida. Wasu daga cikin 'ya'yan da ke birni za su zo na kwana biyu, a yi lissafi a zaure, a ci tuwon sabon hatsi, su koma. Dawa za ta jira sanyi ya sauka. Gawo, wanda ya tsaya tsirara duk damina, zai fara fitar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke shirin kaɗewa.

Akwai aiki ɗaya da dattijo ba ya bar wa kowa. Kafin a zuba dami a rumbu, zai sa a shimfiɗa masa buzu kusa da tarin, ya riƙa zaro zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Mai tsawo, mai cikar ido, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, ya ajiye ta gefe. Idan sun taru ya ɗaure su daban, a rataye inda ɓera da ɗanshi ba za su kai ba, ya kuma gargaɗi gida cewa ko yunwa ta yi yaya, wannan ba na ci ba ne.

Jikokin da ke zaune kusa da shi suna kallo, wani lokaci ya miƙa wa ɗaya zangarniya biyu ya ce ya zaɓa. Idan yaron ya dace, ya gyaɗa kai. Idan aka ce masa, "Baba, Allah Ya kai mu baɗi," sai ya amsa da amin, ya ci gaba da zaɓe.